Daga Bon zuwa gida: kada a jefar da rediyon Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya kasuwa? Na ji saƙonka cewa rediyon Baba ya lalace, da magariba ta yi sai ya kama shuuu, ba a jin labarai, har kana cewa in aiko da sabo. Zan aiko in Allah ya yarda, amma ku dakata tukuna, don ina kyautata zaton rediyon lafiyarsa ƙalau.

Irin haka ta taɓa samuna. Ban daɗe da zuwa Jamus ba na sayi wata caja mai araha ta intanet. Ina jona ta sai ƙaramin rediyona ya hau ƙugi, in na zare ya washe. Na kai ta wurin aiki, maigidana ya fasa ta ya nuna mini: ga gurbin kondensa da na koyil an zana a jikin allon, amma ba a sa su ba. Cajar zamani da farin ƙwan nan mai tsimin wuta da inbatar sola duk aikinsu ɗaya ne, suna datse wuta su sake ta sau dubun dubata cikin daƙiƙa guda. Wannan datsewar ke haifar da hayaniyar da kunne ba ya ji, ta bi wayoyin gida su zame mata eriya. 'Yan kayan da aka tsallake su ne matatarta. Hatta ƙullutun nan da kake gani a jikin igiyar cajar kwamfuta, aikinsa ke nan.

A nan doka ce ta kayyade iyakar hayaniyar. Turai ta yi dokar farko a 1989, ta zama tilas a 1996, aka sabunta ta a 2004, wadda ake bi yanzu kuma ta 2014 ce, ta fara aiki a Afrilun 2016. Ana auna abin da na'ura ke turawa cikin wayar wuta daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wato a ma'aunin zangon rediyo daga mita 2000 zuwa mita 10. Ka ga mita 16 da 19 da 25 da Baba ke murɗawa a gajeren zango suna ciki tsundum. Kayan gida ma an fi tsananta musu bisa na masana'anta, saboda maƙwabci na kusa.

Abin da ya fi burge ni shi ne akwai mai bin sawu. Hukumar kula da harkokin sadarwa ta Jamus, Bundesnetzagentur, wadda hedikwatarta ke nan Bon, garin da gidan rediyon DW yake, tana da motoci masu eriya. Wanda rediyonsa ya dame ya kai ƙara, su zo su bi hayaniyar har gidan da take fitowa. Su ne kuma ke sayen kaya a kasuwa su gwada, wanda ya faɗi a hana sayar da shi. Ban da wannan, mai shago na ɗauke da alhakin kayan da ya sayar maka har shekara 2, abin da ka saya ta intanet kuwa kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba.

Sai dai kada tambarin CE, alamar bin ƙa'idojin Turai, ya ruɗe ka in kana sarin kaya. Galibi mai ƙera kayan ne da kansa ke buga shi, yana shaida cewa ya cika ƙa'ida. Cajar da ta dame ni ma akwai shi a jikinta. Mu ma a Najeriya muna da hukumar kula da ingancin kaya, SON, da takardar shaidarta ta SONCAP ga kayan da ake shigowa da su, hukumar sadarwa ta NCC kuma na tantance wayoyin salula, amma ni dai har na baro gida ban taɓa jin maƙwabci ya ce cajar wani ta hana shi jin rediyo ba. Mukan ce iska ce, ko tashar ce ta yi nisa. Abin na ci mini rai, domin tsoho irin Baba ba ya shiga Facebook, rediyon nan shi ne abokin hirarsa.

Bakin filogin nan Jamus dai daban ne, ƙafa biyu zagayayyu maimakon namu mai uku, don haka abin da zan aiko sai da adafta.

Ga abin da nake so ka yi yau da daddare. Ka sa wa rediyon batir, ka kama tasha, ka kashe inbata da ƙwayayen gidan gaba ɗaya, ka zare duk wata caja. In murya ta fito tar, sai ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Ka ɗauko mini hotonsa gaba da baya, in nemo madadinsa in haɗa cikin saƙon. Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce ina neman addu'arsu.