Shagon solar da na yi IT a Kano, ga yadda wurin yake

Tunda lokacin fita IT, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu, ya matso kuma ƙannenmu na difatmen sai tambayata suke ina za su kai leta, bari kawai in rubuta abin da na gani a shagon sola da na yi nawa a Kano, can wajen Zoo Road. Ba zan kama sunan shagon ba don akwai inda zan soke su, mai so da gaske ya same ni ta inbos.

Shi dai IT ɗin nan, wanda a hukumance ake kira SIWES, hukumar horar da ma'aikata ta ITF ce ta ƙirƙiro shi tun 1973 saboda kamfanoni na kukan ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba, mu 'yan injiniyarin wata shida muke yi. Sai dai kowa ya san yadda ake yi, a kai leta wata ma'aikata a samu kujera a zauna ana danna waya, ranar Juma'a a cike logbuk da ƙarya a buga sitamfi. In irin wannan kake nema to kar ma ka je shagon nan, don Oga ba ya sa hannu a satin da bai gan ka ba, ko ɗan wa kake.

Shagon ba wani babba ba ne, gaba ana sayar da fanel da batir da inbata, baya kuma teburin gyara ne. Amma aiki kam akwai shi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka fara gajiya da janareta, sannan duhun da aka sha a Arewa cikin Oktoban 2024 lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya ƙara tura mutane, har masu shagon cajin waya da masu sayar da ƙanƙara. Kusan kullum akwai fita, yau gida gobe kemis jibi rijiyar burtsatse.

Abin da ya fi burge ni ba sa ɓoye aiki. Makon farko ɗaukar kaya ne da miƙa sukundireba, wannan dole ne, daga nan sai a ba ka mita a ce auna. A makaranta mun yi siris da faralel, wato hanyoyi biyu na jona kayan wuta, a allo har mun gaji, a lab kuwa mu kusan ashirin ne a kan kayan aiki ɗaya, ɗaya na taɓawa sauran na kwafar rahoto. A nan kai za ka haɗa batir biyu masu 12V su ba ka 24V, kai za ka matse kan MC4 da ake jona wayar fanel da shi, in bai matsu ba babban yaron shago ya fizge shi a gabanka ya ce sake. Kuma a nan na ga amfanin lissafin lodi sosai. Kwastoma zai zo ya ce fanka uku ne kawai da talabijin, sai an je gidan a tarar da firiza da famfon sumo da dutsen guga. Batir tubula mai 12V da 200Ah a takarda wat-awa 2,400 ne, amma in kana son ya yi ƙarko rabi za ka ci, shi ya sa wanda aka haɗa wa guda biyu yake kira ƙarfe biyun dare wai wuta ta ɗauke. Oga yana zaunar da mutum ya yi masa wannan lissafin a bayan rasit, har yakan rasa ciniki a kai, don wani yana jin gaskiyar sai ya tafi inda za a ce masa komai zai ɗauka. Wannan halin nasa na yaba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da babu su a handawut, fanel ya kalli kudu da ɗan jirkice tunda muna saman ikwaita, a bar iska a ƙasansa don zafin kwano na rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu kuma in ta kwanta sai caji ya yi ƙasa mutum ya zaci batir ne ya mutu alhali wanki kawai ake buƙata. Na ga an kira mu gyara har Kumbotso abin da aka yi bai wuce goge fanel da tsumma ba.

To ga inda suka gaza. Tsaro babu shi, a hau rufin kwano da silifas, ba bel ba hular kwano ba safar hannu, tsani ɗaya ne shi ma an ɗaure ƙafarsa da waya. In ka yi magana sai a ce "Injiniya tsoro kake ji?" a yi dariya. Wutar DC da fanel ke bayarwa kuma ba wasa ba ce, fanel da yawa a siris da rana tsaka suna kai ɗaruruwan bolt. Ka sayi takalminka da safarka kafin ka fara, kar ka jira su ba ka. Na biyu, yaran shagon sun iya yi amma bayanin dalili ba su da shi, ka tambayi me ya sa a na'urorin daidaita cajin batir MPPT ya fi PWM sai a ce ai shi ya fi ja, shi kenan an rufe magana. Oga ya sani amma rabin yini yana kan waya da dila. Dole kai ka koma littafinka da dare ka haɗa abin da ka gani da abin da aka koya maka, in ba haka ba ranar difens malami ya tambaye ka ka yi zuru. Sannan gyaran cikin inbata mutum ɗaya ne ke yi kuma ba ya son a tsaya masa a ka, don haka mai son ilektironiks zalla gara ya nemi wani wurin.

Kuɗi ba sa karɓar ko sisi, su ma ba albashi suke bayarwa ba, ranar fita ana sayen abinci a ba ka na mota, wani lokacin a manta. Muna tare da 'yan BUK da 'yan Wudil da wata 'yar Poli, ita ba ta hawa rufi amma saitin inbata da haɗa akwatin bireka ta fi mu duka, don haka mata ma za su iya zuwa, sai dai bayin na masallacin layin ne. Mutum huɗu zuwa biyar kawai yake ɗauka, a kai leta da wuri tun kafin a gama jarrabawa.