Shekara guda da kajin Noiler a bayan ɗakina

Bara war haka na sayi 'yan tsakin Noiler (irin kajin da ake kiwo don nama da ƙwai duka) guda 30, 'yan kwana ɗaya, bayan buroila, wato kajin Turawa na nama, sun gajiyar da ni. Ba wai buroila ba su da kirki ba, sati 6 zuwa 8 sun isa yanka. Amma daga ranar da suka isa, in ba mai saye a hannu, kullum cin kuɗinki suke, ga shi da zafin Afrilu ya kankama sai ki tarar sun baje suna haki. Ni kuwa ba gidan gona gare ni ba, akurki ne da ɗan fili a bayan ɗaki.

Wanda ya kawo min su ya ce ai Noiler ba ruwanta da abincin buhu, dusa da ragowar tuwo sun wadatar. Rabin maganar gaskiya ce. Makonni biyar na farko sai da na yi musu duk hidimar da ake yi wa buroila: abincin 'yan tsaki na buhu, buntun shinkafa a ƙasa, tukunyar gawayi da dare, sannan rigakafin Gumboro da Lasota a ruwan sha. Wani dare na hunturu barci ya ɗauke ni, gawayin ya mutu, da asuba na tarar sun hau kan juna a lungu, uku ba rai. Wannan sakacina ne, ba na kaji ba.

Da suka yi gashi na sake su, a nan na gane abin da ake yabo. Tono suke kamar kajin Hausa, su bi fara, su tsinci ganyen zogale da tsakin masara. Launinsu ma iri-iri ne, ja da baƙi da wake-wake, har maƙwabciyata ta ɗauka na gida ne da suka samu kulawa. Sai dai nauyin jiki ya hana su zafin nama. Kazar Hausa na hango inuwar shirwa ta shige ƙarƙashin rumbu, su kuwa sai sun tsaya kallo. Ɗaya ta tafi a haka.

Zakarun na sayar suna wata huɗu, gab da ƙaramar Sallah, ban ko je kasuwa ba. Naman na tsakani ne: bai yi taurin na kazar gida ba, bai kuma narke a tukunya kamar na buroila ba. Maigidan, wanda ba ya cin kazar Turawa ko da rantsuwa, ya cinye farfesun bai ce uffan ba.

Matan sun fara ƙwai wajen wata shida. Sun fi kajin Hausa nesa ba kusa ba, don ita ta gida in ta saka goma sha wani abu sai ta tsaya ta hau kwanci. Amma duk satin da na rage abincin buhu na dogara da dusa, kwandon ƙwai shi ke fara tona min asiri. Wanda ke neman ƙwai na kasuwanci, kiret-kiret, gara ya nemi ISA Brown, ko Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Shika kusa da Zariya. Wannan aikinsu ne.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kwanci. A cikin kajina na Noiler babu wadda ta yarda ta zauna kan ƙwai, su saka su yi gaba abinsu. Da na biye wa mai cewa in sayar da kajin Hausana tun farko, da na yi kuka. Wata tsohuwar dakwalwa da nake da ita, baƙa mai masifa, ita na zuba wa ƙwan Noiler 10, ranar kwana 21 ta fito min da 8. Girmansu bai yi daidai da na iyayensu ba, wasu sun yi jiki wasu sun tsumbure.

Bana zan ƙara sayo 30, amma sai sanyi ya wuce, kuma na riga na sa an rufe saman filin da raga.