Na gwada AccessMod wajen neman inda za a kafa tantin masu amai da gudawa

Ƴan uwa ma'aikatan lafiya, musamman masu zama gaban kwamfuta a ƙananan hukumomi, ga abin da na gani game da AccessMod bayan kusan wata biyu ina juya ta. Manhaja ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da Jami'ar Geneva mai auna lokacin da mutane ke ɗauka kafin su isa asibiti, kuma kyauta ce ko sisi ba za ka biya ba.

Abin da ya sa na nemo ta, duk damina in amai da gudawa ya ɓarke sai mu wuni a mitin ana jayayya kan inda za a kafa tanti, kowa so yake a kai mazaɓarsu, su kuma marasa lafiya suna can ana ɗauko su a amalanke.

Za ka zuba mata taswirar hanyoyi, rafuka, tudu da gangare, yawan jama'a da asibitocin da ake da su, ni na jama'a da na asibitoci daga GRID3, wani shafin intanet mai ajiye taswirori da bayanan jama'a, na sauke, sai ka gaya mata saurin mai tafiya a ƙafa da mai babur da mai mota. Ita kuma ta fito maka da taswira mai kala kala, su wa za su isa asibiti a minti 30, su wa sai awa biyu. Gaskiya nan ta burge ni, don lokaci take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro idonsa ya faɗa saboda ƙarewar ruwa ya san awa ɗaya ba wasa ba ce. Akwai ma ɓangaren da take nuna maka da kanta inda sabon wuri zai fi ɗaukar mutane.

Amma fa abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi. Karon farko saurin rani na sa, wani ƙauye ya fito lafiya lau kamar a bakin asibiti yake. Wata baiwar Allah mai allurar rigakafi ta leƙo ta ce Malam, wannan hanyar a watan Agusta ko babur ba ya ƙetare rafin nan, zagaye ake yi ta gada. Na gyara, wallahi nan take ƙauyen da wasu uku suka koma ja a taswirar, wato suna nesa da asibiti.

Sai ka ɗan iya QGIS, manhajar shirya taswira a kwamfuta, kafin ka shiga, don dole duk taswirorin su zama a ma'auni ɗaya, kuma ka tanadi laftof mai ƙarfi da caji. Sannan ba ruwanta da ko akwai rijiyar burtsatse a wurin, ko hanyar tana biyuwa da dare saboda tsaro, ko mai unguwa zai ba da fili, wannan sai ka je da ƙafarka.

Ni dai yanzu na ajiye taswira biyu, ta rani da ta damina, kuma na buga ta damina a takarda don mitin ɗinmu na gaba.