Wasiƙa daga Hamburg: batun tsofaffin laftof ɗin da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. A gaishe min da Hajiya, a ce mata sanyi ya fara sauƙi, kuma ina cin abinci.

Ka ce in haɗa maka tsofaffin laftof daga makarantarmu, tunda ka ji Turawa zubarwa suke yi. Suna zubarwa kam, amma ba a bola ba. Duk kayan lantarki a nan akwai hoton kwandon shara da aka soke a jikinsa, wato doka ta hana jefa shi cikin shara, kuma dokar tana nan a Jamus tun 2005. Akwai filin hukuma da suke kira Recyclinghof inda ake kai irin wannan kaya. Tun Yulin 2022 ma, manyan kantunan abinci da ke sayar da kayan wuta dole su karɓi ƙaramin abin da bai wuce santimita 25 ba, ko da ba ka sayi komai ba. Ranar farko da na kai matacciyar butar lantarki da caja biyu, sai na tsaya ina jiran a auna a biya ni kamar wajen 'yan gwangwan. Mutumin ya nuna min akwatin da zan jefa, ya ce sai an jima. Ko sisi. Na makaranta kuwa sai an goge abin da ke cikinsu, a miƙa wa kamfani mai lasisi da takarda da sa hannu. Ko sukurun ciki ba zan iya ɗauka ba.

Wajen sayen sabo sun more. Doka ta ba ka shekara biyu idan kaya ya zo da aibi, abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ba tare da rantsuwa ba. Amma gyara, Yaya, a nan ne na san darajarka. Gilashin wayata ya fashe, wani shago ya ce in bar ta mako guda, kuɗin da ya faɗa kuwa da na ƙara kaɗan sabuwa zan saya. Aikin da yaronka zai gama a kasuwar waya ta Farm Centre kafin mai waya ya shanye lemonsa. Ladan hannu ne da tsada a nan, shi ya sa abu da ya yi tari sai a sallame shi.

Zangon nan ina taimaka wa wata malama a darasin da take koya wa ɗaliban kwamfuta kan sharar lantarki. Ta fara da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya: a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Daga nan ta jibge matattun laftof a kan tebur ta ce kowa ya buɗe. Yaran nan sun iya rubuta manhaja kamar ruwa, amma da yawansu ba su taɓa kwance bayan kwamfuta ba. Wata yarinya ta riƙe sukuddireba kamar mai riƙe da kunama. Ɗaya daga cikin injinan, ƙura ce kawai ta toshe fankarsa yake zafi yana mutuwa. Na kakkaɓe, na kunna, ya tashi. Aji ya ɗauki tafi, ni kuwa dariya ta kusa ƙwace min, don a shagonka ko sabon yaro ba za a yaba masa a kan wannan ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne da ta ce musu su ma masu kashe na'ura ne. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ya hawa kan tsofaffin injina da yawa, ga su lafiyarsu ƙalau. Duk mai rubuta manhaja mai nauyi yana tura kwamfutar wani juji ne, alhali mafi yawan hayaƙin da laftof ke jawo wa duniya tun wajen ƙera ta ya fita. Muka ɗora wa wasu manhajar Linux a madadin Windows, suka ci gaba da aiki.

Sai ta haska hoton Agbogbloshie, jujin kayan lantarki na Akara, samari suna ƙona waya cikin baƙin hayaƙi. Ka san yadda ido yake juyowa kan baƙar fata ɗaya a aji. Na ɗaga hannu. Na ce wurin nan an rushe shi tun 2021, kuma hoton wutsiyar labari ya nuna. Kafin kaya ya kai ga wuta ya yi shekaru yana bin hannun masu gyara irinka, a cire na wannan a sa wa wancan. Na tuna musu cewa gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 tana cikin abin da ya haifar da Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989. Na ce kuma ba sai sun je Afirka ba, su leƙa titin Billstrasse a garin nan su ga inda ake ɗure tsofaffin firij da talabijin zuwa tashar jirgin ruwa.

Na yi magana na zauna, amma zuciyata ba ta bar ni ba. Na tuna yaran jari bola da ke ƙona waya a bayan layinmu don cire tagulla, da ruwan batir da ake tuttulewa a kwata, da kai kanka kana sunkuye kan hayaƙin dalma tun safe har magariba. Mu da muka ga yadda dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Don Allah ka sa ƙaramar fanka ta riƙa janye hayaƙin daga fuskarka, yara su wanke hannu kafin cin abinci, batiran da suka kumbura kuma a ware su cikin gwangwani da yashi, nesa da rana.

Batun laftof, zan duba wajen masu sayar da waɗanda aka gyara aka gwada, don doka ba ta yarda a fitar da tsohon kaya ba sai da shaidar yana aiki. Za su fi tsada, amma ba za ka buɗe kwali ka tarar da gawa ba. Faɗa min nawa za ka iya.

Malamar kuma ta roƙi alfarma: a ɗauko mana bidiyon yaronka yana canza wa waya bakin caji, a nuna wa aji mako mai zuwa. Ka ce masa ya sa riga mai kyau.

Ƙaninka.