Wace matatar ruwa ya kamata makaranta ta saya wa yara? Ga zaɓina, ga kuma 'yan damfarar da za ku kiyaya

Jama'a, musamman iyaye da ke cikin kwamitin makaranta, kafin ku kira wani dillali ya zo muku da kwali mai hoton dutse da ƙanƙara, ku fara ɗibar ruwan famfon da yaran ke sha ku kai ɗakin gwaji tukuna. Kowace matata da abin da take iya kamawa, sayen ta ba tare da gwaji ba kamar shan magani ne ba a san ciwon ba. Abin da ke ɓata ruwan makaranta iri biyu ne. Akwai ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa da taifod da kwalara, su waɗannan ba sa ɓoyewa, cikin 'yan kwanaki za ka ga yara sun fara kwanciya. Akwai kuma sinadarai irin su gubar dalma da naitiret da asenik, su ba wari ba ɗanɗano ba launi, ruwa garau kamar hawaye amma yana cin yaro a hankali.

Dalmar ce ta fi tsaya min a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya rage fahimta ya kasa natsuwa a aji a yi ta ce masa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne. Kuma yawanci ba daga tushen ruwan take zuwa ba, daga cikin ginin ne, tsofaffin bututu, dalmar da aka liƙe mahaɗar bututu da ita, da kan famfo na tagulla. Ko a Amurka sai 1986 aka hana amfani da dalma a aikin famfo, kuma har zuwa 2014 doka ta yarda a kira kan famfo "marar dalma" ko da yana ɗauke da kashi 8 cikin ɗari. Makaranta kuwa ta fi gida haɗari saboda ruwa yana kwana cikin bututu, Asabar da Lahadi ba wanda ya buɗe famfo, dogon hutu ma haka, ruwan na nan kwance yana jiƙa ƙarfe, sai Litinin da safe yaron da ya fara zuwa shi ne zai sha kaso mafi muni.

Shi ya sa yadda ake ɗibar ruwan gwajin ma yake da ƙa'ida. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana cewa a ɗibi mililita 250 na farko da ya fito bayan ruwan ya kwana awa 8 zuwa 18, ba a bari ya zuba tukuna ba, kuma kowane famfo da kwalbarsa, domin famfo biyu a baranda ɗaya sukan ba da sakamako daban. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma shi ne maikurogiram 10 a lita (maikurogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2016 ta ce na famfon makaranta kar ya wuce 1. Ku ce a duba muku E. coli ma, ƙwayar bakteriya da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ita ko ɗaya ba a so a gani cikin mililita 100, sannan in ruwan rijiya ne ko burtsatse a ƙara da naitiret (iyakarsa miligiram 50 a lita), fulorayid (1.5) da asenik.

To yanzu ga kayan da ke kasuwa.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, minti ɗaya yana tafasa sosai ya isa, amma ba ya cire dalma ko naitiret, ƙara musu ƙarfi ma yake yi tunda ruwan yana ƙonewa su suna nan, kuma wa zai tafasa wa yara ɗari biyar ruwa kullum? Butar tace ruwa irin ta kan tebur ta gida ce, a makaranta wasa ne. Manyan gorunan da ake kifawa kan dispensa kuwa kuɗi ne da ba ya ƙarewa, kuma ba ka san inda aka cika su ba. Matatar tangaran mai kama da kyandir tana tare bakteriya da ƙwayayen tsutsa, ba ta iya ƙananan ƙwayoyin bairos sosai, da zarar ta tsage ko kaɗan shikenan ta tashi aiki ba tare da kowa ya lura ba.

Fitilar UV, wadda ke haska ruwa da wani haske na musamman, tana da kyau wajen kashe ƙwayoyi, har da kiriftosforidiyam mai kawo gudawa wanda kulorin ba ya iya masa, shi ne ya kwantar da mutum kusan 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993. Sai dai tana son wuta ba yankewa, tana son ruwa marar laka don hasken ya ratsa, ana canza ƙwan duk shekara ko da yana haske, kuma ko ɗigon dalma ba ta cirewa. Kulorin shi ne mafi araha in matsalar ƙwayoyi ce a tanki, a zuba daidai gwargwado a jira minti 30, a tabbatar akwai saura kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a bakin famfo. Kar a raina shi, a garin Walkerton na Kanada a 2000 sakaci da kulorin ya sa mutum 7 suka mutu sama da 2,000 suka kwanta. Injin RO kuma, mai matse ruwa ta cikin wata siririyar fata mai tacewa, shi ne dillalai suka fi tallatawa don ya fi tsada, gaskiya yana cire dalma da naitiret da fulorayid, amma yana da nawa, yana son ƙarfin ruwa, kuma tsofaffin samfura suna zubar da lita uku ko huɗu kafin su ba ka lita ɗaya. In gwaji ya nuna naitiret ko fulorayid ya yi yawa to shi ne ya dace, in ba haka ba asarar kuɗi ce da ruwa.

Ni dai abin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari shi ne matatar dunƙulallen gawayi da ake ɗaurawa a daidai famfon da yara ke sha, ba can bakin get ko gindin tanki ba. Dalilin a fili yake, tunda dalmar daga bututun cikin gini take fitowa, duk matatar da ka sa a nesa ruwan zai sake bi ta cikin tsohon bututun ya kwaso abin da ka cire. Dole matata ta zama abu na ƙarshe da ruwa zai ratsa kafin ya shiga bakin yaro. Kuma dunƙulalle nake nufi, wanda aka matse garin gawayi ya zama curi guda mai ƙananan ƙofofi aka haɗa shi da sinadarin da ke riƙe dalma, ba mai tsaba-tsaba ba wanda in ka girgiza za ka ji yana kacau-kacau, shi wannan ruwa yakan yanke wa kansa hanya ta tsakiya ya wuce abinsa. Dunƙulallen ba ya son wuta, ba ya zubar da ruwa ko kofi ɗaya, ba ya cire gishirin jiki masu amfani irin su kalsiyam, kuma mai gadin makaranta ma zai iya canza shi in an nuna masa sau ɗaya, murɗawa ne a cire a murɗa sabo. Ya fi daɗi in aka haɗa shi da irin famfon nan da yara ke tara gorar ruwansu, mai 'yar fitila da ke komawa ja in lokacin canji ya yi.

Ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. Bayan abin da ya faru a birnin Flint na jihar Michigan a Amurka, inda a Afrilun 2014 aka koma jan ruwa daga kogi ba tare da an sa maganin hana cin bututu ba, har sai da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito a Satumban 2015 da shaidar dalma ta ƙaru a jinin yara, jihar Michigan ta kafa doka a 2023 cewa makarantu da wuraren renon yara su sa matata a wuraren shan ruwa kawai, ba sai an jira gwaji ya nuna matsala ba. Hujjarsu ita ce dalma takan ɓalle ne gutsure-gutsure, yau gwaji ya fito lafiya gobe wani ɗan ɓarɓashi ya saki.

Aibin dunƙulallen gawayin nan biyu ne, zan faɗa don kar a ce na ɓoye. Ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne, in gwaji ya nuna E. coli sai an gyara tanki an sa kulorin ko UV tukuna. Sannan tunda yana cire kulorin, ruwan da ya kwana cikinsa yakan tara ƙwayoyi, don haka bayan hutu a bar famfon ya zuba na 'yan mintuna kafin yara su sha, kuma ruwan sanyi kawai ake ratsa masa banda na zafi.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci, maganar jabu. Wallahi sayen matata jabu ya fi rashin matata muni, domin wanda bai da ita yana tsoro yana kiyayewa, mai jabu kuwa hankalinsa kwance yake. A makarantar da 'yata take an taɓa kawo mana kwankon canji, wato ɓangaren matatar mai ɗauke da gawayin da ake cirewa a sa sabo, daga wani mai kawo kaya, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har da 'yar takardar cikin. Abin da ya tona asiri nauyi ne, mai aikin famfo ya ɗaga sabon ya ɗaga tsohon ya ce wannan ai fanko ne, ya sa zarto ya yanka shi a gabanmu, abin da ke ciki ɗan soso ne fari da garin gawayi da bai cika tafin hannu ba, sauran duk iska. Shi kuwa na gasken da aka yanka curi ne baƙi ƙirin mai tauri daga sama har ƙasa. Da ba don hannun mutumin nan ya saba ba da yaranmu sun yi zango guda suna shan ruwan da ba a tace ba muna ta murna.

Saboda haka ku koyi karanta lambar ƙa'ida da ake bugawa a kwali, wato ta NSF, ƙungiyar Amurka da ke gwada matatu ta ba su shaida. NSF/ANSI 42 na ɗanɗano ne da warin kulorin da ɓarɓashi, ba ruwansa da lafiya. NSF/ANSI 53 shi ne na lafiya, amma ko shi ba ya nufin dalma kai tsaye, dole a rubuta sunan dalma cikin jerin abubuwan da aka tabbatar tana cirewa, domin matata takan samu 53 a kan wani abu daban. 58 na RO ne, 55 na UV. Gwajin dalma na 53 ba wasa ba ne, ana ɗura wa matatar ruwa mai maikurogiram 150 a lita sai ta sauke shi zuwa 5 ko ƙasa, kuma ana ci gaba da ɗurawa har a wuce adadin litar da kamfanin ya rubuta. Wanda ya fi shi ne mai 53 na dalma haɗe da 42 na ɓarɓashi aji na ɗaya. Kuma ku lura da wayon kalma, "an gwada bisa ƙa'idar NSF" daban, "an ba da shaidar NSF" daban, na farko kowa zai iya bugawa a kwali. Ku ɗauki lambar samfurin ku shiga shafin NSF ko WQA ko IAPMO, su ma biyun masu ba da irin wannan shaidar ne, a intanet ku nema, in ba ta can to ku mayar masa da kayansa ko da ya rantse.

Sai 'yan wasan sihiri. Akwai mai zuwa da 'yar mita kamar biro ya tsoma a ruwanku ta nuna 250, ya tsoma a nasa ta nuna 12, ya ce kun gani guba kuke ba yara. Mitar TDS ce, gishirin da ya narke a ruwa kawai take ƙiyastawa, yawancinsa kalsiyam da magniziyam ne marasa illa, kuma ma'auninta miligiram ne alhali dalma da maikurogiram ake auna ta, wato ƙasa da ninki dubu. Ruwa zai iya ɗaukar dalma ninki goma na ƙa'ida mitar ba ta ko motsa ba, kuma ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Wanda ya fi wannan rashin tsoron Allah shi ne mai jona wasu sandunan ƙarfe a wuta ya tsoma a kofi, cikin minti ɗaya ruwan ya koma ja-ja ko kore da kumfa a sama, iyaye su riƙe baki. Wannan dattin ba daga ruwanku ya fito ba, sandarsa ce ke narkewa, ko ruwa mai kyau ka sa wa ɗan gishiri haka zai yi. Masu "ruwan alkalin" da maganaɗisu da duwatsun ƙara kuzari kuwa kar ma ku ba su kujera.

Abin da ake mantawa wajen lissafi shi ne kuɗin canji. Wasu kamfanoni suna sayar da injin da araha su kama ku a kwanko, don haka tun kafin a biya ku tambayi lita nawa kwanko ɗaya yake tacewa, ku lissafa da yawan yaranku da kwanakin karatu, ku ga guda nawa za ku buƙata a shekara, ku tabbatar akwai wakilin kamfani na gaskiya da za a riƙa saya a wurinsa, ba duk wanda ya fi araha a intanet ba. Kwankon da ya cika ba ya ba da sanarwa, ruwa zai ci gaba da fita garau. A rubuta ranar da aka sa da makar da ba ta gogewa a jikinsa, a sa sunan mutum ɗaya da alhakin ke wuyansa, ba "kwamiti" ba. Famfunan banɗaki da na wanke hannu da ba su da matata a liƙa musu alamar ba a sha, da hoto don ƙananan da ba su iya karatu ba. Bayan an ɗaura kuma a sake ɗibar ruwa daga famfon da aka sa wa matatar a kai gwaji, a liƙa sakamakon a allon sanarwa inda duk uba ko uwar da ta zo ɗaukar ɗanta za ta gani, sannan a biya mai kaya ragowar kuɗinsa.