Karen da bai kai kaza nauyi ba, kuɗɗinshi kusan miliyan

Yaya barka da warhaka, ina hutawa, ya iyali ya Tahoua, a gaishe min da Inna da kyau. Hoton nan da na turo kunka yi ta dariya kuna cewa ɓera na riƙe, wallahi kare ne, sunan irinshi Shiwawa, daga sunan wata jiha ta arewacin Meksiko anka samo shi, kuma duk duniya babu irin karen da ya kai shi ƙanƙanta, ko ya girma iyaka da wuya ya wuce kilo 3. Ba nawa ba ne hwa, kar Inna ta ji ta ce na lalace a Faransa.

Na matar wani abokin aikina ne Bature. Motarsu ta samu matsala ranar asabar sai na kai su wani ƙauye bayan Lyon wajen matar da ke kiwonsu. Gani ya kori ji yaya. Ɗaki guda anka ware ma karnuka da na'urar ɗumama ɗaki, 'ya'yan su ukku kwance cikin kwando bisa bargo, wanda matar abokina ta zaɓa ya zauna cikin tafin hannuna yana makyarkyata kamar mai zazzaɓi. Gabana ta biya yuro 1400. Na jawo salula na buga lissafi, yuro guda sefa 655 ne da 'yan kai, ya tashi jikka 918 da wani abu. Albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda kenan a nan bayan an cire na cirewa. Kai da ke zuwa kasuwar bisashe ka lissafa min raguna nawa za ka kora gida da wannan kuɗɗi, ni dai shiru na yi har munka dawo.

A hanya ne na fahimci takarda ce ake saye tare da karen. Akwai wani kundi da suke kira LOF inda ake rubuta asalin karnuka, uwa da uba da kakanni, kamar yadda maroƙa ke jero asalin sarauta. Wanda ke cikin kundin nan kuɗɗinshi na kamawa daga wajen yuro 1000 har 2000, in ubanshi ya taɓa cin gasa ya wuce nan. Wanda ba shi ciki ko da kamarsu ɗaya sak doka ba ta yarda a kira shi cikakken iri ba, sai a ce mai kama da shi, kuɗɗin ya faɗo sosai. Mace ta fi namiji tsada saboda haihuwa. Akwai mai gajeren gashi akwai mai dogo, launi ma na ƙara kuɗɗi in ba a cika samunshi ba. Sannan ba su haihuwa da yawa, biyu ukku ne galibi, ga kan ɗan babba uwa kuwa 'yar mitsitsiya, sau da yawa sai likitan dabbobi ya yi mata aiki an fiddo su, ka ga duk wannan mai saye ne ke biya.

Abin da ban so ba shi ne masu tallan ƙanana ƙwarai da suke cewa suna shiga cikin kofin shayi, suna tsawwala kuɗɗi alhali irin waɗannan ne sunka fi ciwo, sukarin jininsu ya faɗi, ƙashi ya karye daga tsalle bisa kujera. Ga kuma 'yan damfarar intanet, kare kyauta ne ka turo kuɗɗin mota kawai, ka turo shi kenan an sha da kai.

Doka kuma ba wasa. Ba a sayar da ɗan kare sai ya yi sati 8, sai an sa mishi wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarshi ko a zana mishi lambar cikin kunne, mai saye kuma ya sa hannu ga takardar alkawali kwana 7 kafin ya ɗauka. Tun farkon 2024 ma an hana kantunan dabbobi sayar da karnuka da mussoshi. Mai ƙaramin ƙarfi gidan ajiyar dabbobin da anka yasar yake zuwa, da yuro 300 ko ƙasa da haka ya samu. Bayan saye ga allura, ga abinci na leda, ga rigar sanyi, har asirans wasu ke yi mishi, abin kuwa yana iya kai shekara 15 kana ta kashewa.

Abin mamaki kare da tallan tsire, da matar mai kiwon ta ji daga Nijar nike sai ta ce ko na san Azawak. Na ce saniya ko kare? Ashe dogon karen nan siriri na Buzaye da muke gani wajen Abalak da Cintabaraden yana bin raƙuma, tun shekarun 1970 Turawa sunka kawo shi nan sunka buɗe mishi kundi, yanzu ɗanshi mai takarda ya wuce yuro 1000. Mu can wa ke sayen kare, in ta haihu roƙonka ake ka ɗauka, malamai ma ka san abin da suke cewa kan cin kuɗɗin kare.

Na san halinka, kar ka fara tara karnuka a gida kana jiran in turo tikiti. Kafin kare ya shigo nan daga wajenmu sai na'urar nan ta wuya, sai allurar haukan kare, a ɗibi jininshi a auna, a jira wata ukku, kuma ya iso ba takardar asali ba mai ba ka ko rabin kuɗɗin. Gara ka riƙe tumakinka. Kuɗɗin simintin nan ƙarshen wata in sha Allahu, ka ce ma magini ya ƙara haƙuri.