Launin maɓalli a Android: selector ko Kotlin?

In so kake launi ya sauya muddin yatsa na kan maɓalli, selector ya fi, wato jerin launukan da Android ke zaɓa daga ciki gwargwadon yanayin maɓallin. Rubuta fayil ɗin XML a res/color, sa launin state_pressed (lokacin da ake danna maɓallin) a sama, na kullum a ƙasa, domin layin farko da ya dace Android ke ɗauka. In ka juya jerin, launin ba zai sauya ba ko an danna maɓallin. Sai ka haɗa fayil ɗin da backgroundTint na maɓallin, wanda ke ba shi launi.

Sauya launi da Kotlin (yaren rubuta manhaja) kuwa ya dace da launin da zai zauna bayan taɓawa. Sai an ɗaga yatsa setOnClickListener, mai amsa taɓa maɓalli, ke aiki, kuma da an juya waya tsohon launi zai dawo, in ba ka adana sabon a ViewModel (inda bayanai ba sa ɓacewa in an juya waya) ba.